Gishirin Sarki Nomau da Lallen Inna

An ce a wani zamani an yi wani sarki mai suna Nomau, mutumin kirki, sai dai in zuciya ta ɗebe shi ba ya ji ba ya gani. Tsakar gidansa shimfiɗe take da falalen duwatsu, ciyawar kiri-kiri kuwa ta sami tsakankaninsu ta yi kaka-gida. A kusurwa akwai bishiyar lalle da mahaifiyarsa, Inna Ladingo, ta dasa da hannunta tun tana amarya, tana lallaɓa ta kamar 'yar cikinta.

Wata safiya ciyawar nan ta harɗe ƙafar Inna, ta faɗi ta karye. Da maɗori ya gama ɗori, Sarki ya fito idonsa jajur, ya rantse da Allah rana ba za ta faɗi ba sai ya ga bayan duk wani kore da ke tsakar gidan. Aka jiƙa gishiri a manyan tukwane, mata suka jeru kowacce da ƙwarya a hannu, umarninsa kawai ake jira.

Sai wani tsohon ƙadangare ya leƙo daga tsagar dutse, ya gyaɗa kai, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kafin a zuba, ko labarin Jatau marini ya taɓa zuwa kunnenka?"

Sarki ya ce, "Faɗi da sauri, in ba haka ba da kai za a fara."

Ƙadangare ya ce:

"Jatau yana da daɓe irin naka, da gwanda guda wadda yake ji da ita. Ciyawa ta ishe shi, ya ɗauko buhun gishiri. Maƙwabciyarsa Gwamma ta hango shi ta kan katanga, ta ce, 'Malam Jatau, dakata ka ji abin da ya sami ƙanwata Tambai.' Ya ce yana ji. Ta ce:

"'Tambai gwanar miya ce. Ta san ruwan toka in ya yi yawa yana cin harshe, sai ta ce abin da ya ci harshe ai zai ci ciyawa. Ta kwashe tokar murhu kaf, ta bi tsagogin daɓenta ta cusa. Damina ta sauka, ciyawa ta taso har gwiwa tana sheƙi, ashe taki ta zuba mata. Ka ga, Malam, harshenta ta tambaya, ba ta tambayi ƙasa ba.'

"Jatau ya yi dariya, ya ce shi ba toka ya ɗauko ba. Ya barbaɗe gishirinsa, ciyawa ta ƙone ƙurmus, ya yi ta cika baki a marina. Ruwan sama na farko ya narka gishirin, ya bi da shi ƙarƙashin daɓe har saiwar gwanda. Ganye ya yi rawaya, ya zube, kututturen ya ruɓe. Daga baya ko ramar da ya shuka a wurin ba ta tsira ba. Ranka ya daɗe, gishiri ba ya zama inda aka zuba shi, kuma bai san wane kore kake nufi ba."

Sarki ya dubi lallen, ya dubi duwatsun da yake tsaye a kai, sai yanzu ya gane saiwar tana nan ƙarƙashin ƙafarsa. Tsoro ya kama shi, amma girman kai bai sake shi ba.

Ya ce, "Ai na riga na rantse a gaban jama'a."

Ƙadangare ya ce, "Rantsuwa tana da kaffara. Lallen nan in ya bushe, ko an dasa wani, Inna za ta ga girmansa?"

Sarki ya dubi ƙofar ɗakin Inna. Can ya ce, "To da me za a kashe ta?"

"Da tafasasshen ruwa a buta mai siririn baki, a bi tsaga kaɗai. In ta yi laushi a zaro saiwar da tsohuwar wuƙa, a cike gurbin da yashi."

"Ba za ta dawo ba?"

"Za ta dawo, ranka ya daɗe. Ku ma sai ku dawo."

Sarki ya juya zai ce a ajiye ƙwarya, sai ya ga wata jakadiya mai rawar kai ta gaji da jira, ta riga ta juye tata dab da gindin lallen. Ruwan gishirin yana shiga tsaga yana ɓacewa.

Bai tsaya kiran kowa ba. Ya sunkuci tulu daga bakin randa, ya durƙusa da babbar rigarsa a jiƙaƙƙen dutse, ya yi ta kwarara ruwan daɗi a wurin. In wannan tulu ya ƙare a miƙo masa wani. Ya ce wa ƙadangare ba tare da ya ɗago ba, "Na ji, na karɓa. Zan yi kaffara. A kawar da tukwanen nan."

Daga cikin ɗaki muryar Inna ta fito a raunane: "Wai me ake ta zubawa a gindin lallena?"

Sarki ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Ruwa ne, Inna. Ruwa nake ba shi."