Fijon Jatau Direba

Tunda kun dage da gardama kan ko tsohuwar mota abin saye ce, ku bari in ba ku labarin gidan Jatau direba, sai ku yanke hukunci da kanku.

Jatau ya yi ƙuruciyarsa yana jigilar fasinja tsakanin Malumfashi da Funtua da wata Fijo ruwan toka. Da ita ya ciyar da 'ya'yansa uku, kuma ita ya sayar shekarar da uwarsu ta kwanta ciwon ajali. Da tsufa ya kama shi, idonsa ya tafi, abinci ma sai an lallashe shi. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Ina ma in sake jin ƙarar motata kafin in tafi."

Sallau, babban ɗan, ya rufe shagon da yake haya ya shiga nema. Daga wannan dillali zuwa wancan, har ya same ta a bayan wani gidan gona a Saminaka, tayoyi sun nutse a ƙasa, ciyawa ta fito ta cikin inji, 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa har sun taya. Da lotsawar ƙofar direba ya gane ta. Kafin ya dawo gida, mai shagon ya ba wani haya, masu sayayya sun watse.

Mai gonar kuwa, da ya ga ana so, ya ƙi sassauci. Lantana, ta tsakiya, ta sayar da keken ɗinkinta da filin da take tanadar wa yaranta, ta biya. Mijinta ya ce, "Makomar 'ya'yana kika bayar a kan tarin tsatsa?" Ya sake ta.

Mamuda, autansu, bakanike ne. Duk wanda ya leƙa injin sai ya ce ya mutu. Shi ya sauke shi, ya bi kasuwannin tsofaffin kayan mota yana tsintar abin da aka daina ƙerawa. Wata rana jek ya zame, motar ta datse masa yatsu uku na hannun dama. Da hagu ya ƙarasa aikin, kuma tun daga nan ba wanda ya sake kawo masa gyara.

Ranar da aka tayar da ita a ƙofar gida, tsohon ya kasa kunne yana saurare. Aka zaunar da shi ya shafa sitiyari, aka zaga da shi gari. Da suka dawo ya riƙe makullin ya ce, "Na bar wa wanda ya dawo mini da ita." Bai ambaci suna ba, kuma kafin Juma'a ya rasu.

Bayan sadakar bakwai wani attajiri mai tara tsofaffin motoci ya zo da tayin da zai tayar da mutum ɗaya tsaye, amma in an raba uku ba zai rufe asarar kowa ba. Sallau ya ce, "Ba don ni ba, da tuni an narkar da ita." Lantana ta ce, "Yaya, da aurena aka saye ta." Mamuda kuwa hannunsa na dama kawai ya ɗaga. Attajirin ya gaji ya tafi. Yau ko a makoki suka haɗu ba sa gaisawa.

To, wane ne a cikinsu ya fi cancanta da makullin? Kuma da ku ne, da kun saye ta tun farko?