Asu a Alkyabbar Sarki Nadabo

An yi wani sarki a zamanin da, sunansa Nadabo, mutum ne mai yawan zato, ko tari aka yi a fada sai ya ce da shi ake. Mahaifinsu ya bar musu alkyabba biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta ƙanensa Zailani. Sarki ya kulle tasa a akwati cikin ɗaki mai duhu, ya rataya mabuɗin a wuya, ya hana kowa kusanta, ko shanyar bayan damina bai yarda an yi mata ba.

Ran nan ya buɗe, sai ga alkyabba duk huji, ƙananan ƙwari masu ƙyalli kamar azurfa suna ta tserewa. Wai, ina wuta ya jefa Zailani! Ya ce sihiri ya turo masa, ya sa aka ɗaure shi. Ya kasa zaune, ya kasa tsaye, ya kira Waziri Tanimu ya ce, "Ka tabbatar mini da wanda ya aiko su kafin hantsi ya wuce, in ba haka ba kan Zailani ya sauka."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya kamo ƙwaro ɗaya a tafin hannu. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, wannan asu ne. Duba, ba shi da fiffike, bai taso daga gidan kowa ba. Duhu yake so da laima, da wurin da hannu ba ya kai wa. A nan aka haife shi."

Ya sa aka kawo alkyabbar Zailani, wadda yake sawa Juma'a, yake ara wa angwaye, ake shanyawa a rana. Ta koɗe, amma ko huji ɗaya babu.

Sarki ya ce, "To, wa ya ci amanata?"

Waziri ya sunkuyar da kai. "Ranka ya daɗe, wa ke riƙe da mabuɗin?"

Hannun sarki ya kai wuyansa, kunya ta rufe shi. Da kansa ya kwance ƙanensa, ya ba Waziri doki da rawani, ya ce a buɗe zauren sauraren ƙarar talakawa, wanda shi ma ya daɗe a kulle.

Adalci ma haka yake: in an kulle shi, daga ciki yake cinyewa.