Koren da Aka Cire Daga Wayar Mama Dinatu

Akwai wani mutum, manomin citta, wanda ya gina gidansa can bakin gona, nesa da gari. Yana zaune da matarsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa, wata tsohuwa da ake kira Mama Dinatu. Ku gyara zama ku kasa kunne, gama abin da ya sami mutumin nan, duk lokacin da na ba da labarinsa sai tsigar jikina ta tashi.

Mutumin ba mugu ba ne, kada wani ya fita nan ya ce na ce mugu ne. Yana zuwa sujada, yana rera waƙa da ƙarfi, yana kuma ƙaunar mahaifiyarsa. A wata shekara da citta ta yi albarka, sai ya sayo mata waya irin ta shafawa, domin ciwon gwiwa ya hana ta zuwa gaishe-gaishe. Daga ɗaki zuwa inuwar mangwaro ma sai da sanda.

Mama Dinatu ba ta yi makaranta ba, ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa. Amma wayarta kam ta iya ta. Kun san ƙananan hotunan nan da ke jere a fuskar waya, waɗanda in ka danna kowanne sai ya buɗe maka abin da ke bayansa? To, da su take gane hanya. Mai kama da ido na ɗaukar hoto ne. Mai kama da rediyo shi ne ke kawo mata waƙoƙin zumuntar mata. A can ƙasa kuma, ta hannun hagu, akwai wani kore mai hoton kan tarho. Wannan shi ne nata. In ta danna shi sai fuskokin mutanenta su fito, ga fasto, ga 'yarta da ke aure a birni, ga autanta Filibus, ƙanen manomin, wanda ke da babur a cikin gari. Sai ta taɓa fuskar wanda take so, ta kara a kunne. Ba ta san sunan abin ba. Korena kawai take ce masa.

Shi kuwa manomin yana da wani ciwo, ciwon son ƙyale-ƙyale. Ya samo wata manhaja da ke canza wa ƙananan hotunan nan kama. Eh, na ga wasunku suna murmushi, ashe kun san ta! Kai Barnaba, mayar da taka aljihu, ba yanzu na ce ka nuna mana ba. Da manhajar nan mutum yana iya ɗaukar hoton kyamara ya mai da shi fure, ya ɗauki na saƙo ya mai da shi tauraro. Manomin nan ya kamu. Yau wayarsa shuɗiya ce kaf, gobe ja, jibi ta koma kalar ƙasa. Sai ya zauna gindin mangwaro yana ta shafe-shafe, ciyawa kuwa tana can tana shan sharafinta a gona.

Ana nan sai taron zumuntar mata na gunduma ya matso, aka ce za a zo da mota a ɗauki tsofaffi. Manomin ya dubi wayar mahaifiyarsa, ya ga hotunanta barkatai, wannan kore, wancan ja, wancan rawaya, kamar yadda ta fito daga kanti. Sai ya ce a ransa, “Haba! Uwata ce za ta fito da wannan a gaban matan gunduma? Bari in yi mata abin da duk wadda ta gani za ta san gidanmu gidan masu bi ne.”

Ya ɗauki wayar tana can tana ɓarar gyaɗa. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya sa masa gicciye mai ruwan zinariya a kan launin baƙi. Na kira gicciye, na kyamara gicciye, na tocila gicciye, duka iri ɗaya sak. Ya ga ƙananan sunayen da ke ƙarƙashinsu suna ɓata tsari, ya share su. Bai tsaya nan ba, jama'a. Ya kwashe hotunan daga inda suke, ya jera su suka ba da siffar babban gicciye guda a tsakiyar fuskar wayar. Maganar gaskiya, abin ya yi kyau. In ka gani sai ka ce a rataye shi a bangon majami'a.

Ya kai mata yana washe baki. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta kawo kusa da ido, ta kai nesa, ta juya wayar ta baya ko ba tata ba ce.

Ta ce, “Ɗana, ina korena?”

Ya ce, “Yana nan, Mama. Riga kawai na canza masa.”

Ta ce, “Ai ni rigar na sani.”

Ya yi dariya ya ce, “Kada ki damu, zan nuna miki. Bari in dawo daga gona.” Da ya dawo ya gaji. Washegari ya manta. Ita kuwa tsohuwa ba ta son a ce ta cika mita, sai ta ƙulle wayar a bakin zaninta.

Ranar kasuwa ta zo. Matarsa ta kwashi yara suka tafi gari tun da safe. Da yake babu wutar lantarki a gidan gona, sai ya ba ta wayarsa ta kai wurin masu caji. Maƙwabtan da ke tsallaken rafi su ma duk sun tafi. Gida ya rage daga shi sai mahaifiyarsa.

Da rana ta take, ya zaga bayan rumbu zai jawo tsofaffin buhuna. Ya sunkuya, ya ɗaga na sama. Ashe gamsheƙa ce kwance a ƙarƙashi. Kafin ya ja da baya ta fasa kai ta tofa masa dafi a ido. Ya kai hannun dama zai kare fuska, ta sare shi a hannun.

Wayyo! Ihun da ya yi, har awakin da ke ɗaure suka tsinke igiya. Ya fito yana tangaɗi, yana laluben bango, idanunsa kamar an zuba musu barkono. Ya faɗi a tsakar gida. Mama Dinatu ta jefar da ƙwaryar gyaɗa, ta ja jiki zuwa randa, ta ɗebo ruwa tana kwarara masa a ido, tana cewa, “Ya Yesu! Ya Yesu, ɗana!”

Ya ce, “Mama, maciji ne! Kira Filibus ya zo da babur ya kai ni asibiti. Maza, Mama!”

Ta kwance bakin zani, ta fito da wayar. Wayar tana da caji, tana da kati, layi ma yana nan cike. Ta shafa, fuskar ta kawo haske, sai ga zinariya tana ƙyalli.

Ya ce, “Danna koren!”

Ta ce, “Babu kore, ɗana.”

Ku tsaya nan tukuna. Ku duba abin nan da kyau. Ga mutum kwance, dafi na hawa hannunsa. Ga ƙanensa can a gari da babur, tafiyar da ba ta kai a dafa shinkafa ba. Ga waya lafiya lau a hannun uwarsa. Abin da ya raba shi da taimako bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, kuma shi da kansa ya rufe shi!

Ya ce ta ba shi wayar. Ya karɓa da hannun hagu, ya yi ƙoƙarin buɗe ido, bai ga komai ba sai hawaye da wani haske rawaya. Ya kai yatsa ƙasa ta hagu inda koren yake zama, babu komai a wurin, ai shi ya ɗauke shi. Ya yi ta tunanin inda ya ajiye shi, a kan gicciyen ne, ko a hannunsa na dama, ko a gindi? Azaba ba ta bar shi ya tuna ba. Ya miƙa mata ya ce, “Danna kowanne, Mama, danna duka!”

Ta danna na farko, tocila ta kama da tsakar rana. Ta danna wani, sai ga lambobin lissafi. Ta danna wani, waƙar zumuntar mata ta ɓarke da ganga da kacau-kacau, ɗanta na birgima a ƙasa. Ba ta san yadda ake kashewa ba. In abu ya buɗe, sai ta sha wahala kafin ta komo, in ta komo kuma duk gicciyen iri ɗaya ne, ba ta san wanda ta riga ta taɓa ba. Sai ta sake danna tocila.

Da ta ga hannun ya kumbura har gwiwar hannu, muryar ɗanta kuma ta fara ƙasa-ƙasa, sai ta ajiye wayar. Tsohuwar da ba ta iya kaiwa gindin mangwaro sai da hutu, ita ce ta ɗauki sanda ta nufi babbar hanya. Inda gwiwa ta ƙi, ta rarrafa. Sai da rana ta yi sanyi, 'yan kasuwa suka fara komowa, sannan wata mai tallan manja ta tsince ta a bakin hanya, gwiwoyinta duk jini, muryarta ta dushe.

Aka kira Filibus, aka kai manomin asibiti, Allah ya bar shi da rai. Amma idonsa ɗaya bai ƙara gani sosai ba, hannun dama kuwa ya riga ya ruɓe, sai da aka yanke shi. Likitan ya tambayi Filibus, “Ba ku da waya ne a gidan? Da kun kawo shi da wuri, da hannun nan yana jikinsa.”

Bayan ya fara samun sauƙi, manomin ya roƙi a kawo masa wayar mahaifiyarsa. Yana lalube da hannun hagu zai mayar da hotunan yadda suke, sai ya tarar da wani bidiyo da bai san da shi ba. Ashe cikin danne-dannen nan tsohuwa ta kunna kyamara ba ta sani ba. Babu abin da ya fito sai ƙasar tsakar gida da ƙafafunsa suna shure-shure. Amma muryarta ta fito tar. Tana kuka tana cewa, “Ya Ubangiji, nuna mini korena. Ɗana zai mutu. Nuna mini korena.” Mutumin ya kifa wayar a ƙirji, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka yanke hannun.

To, ga ma'anar wannan misali, ku riƙe ta da kyau.

Koren nan shi ne hanya mai sauƙi da Allah ya ba kowane mutum ya kira shi. Bai sa mata kwalliya ba, domin tsohuwa da yaro da wanda bai taɓa shiga aji ba su gane ta. Mama Dinatu ita ce raunanan da ke cikinmu, sabon tuba, da baƙon da ya shigo ya zauna a bencin baya, da 'ya'yanku da ke kallonku a gida. Manomin kuwa mu ne, masu son a gan mu. Macijin shi ne ranar wahala, wadda ba ta aiko da saƙo kafin ta zo.

Kada wani ya ce gicciye ne ya yi laifi. Sam! Laifin na wanda ya mai da gicciye kayan ado ne, ya manna shi a kan kowane abu, har aka kasa bambanta abin da ke kai mutum ga ceto da abin da ke kunna tocila. Haka muke yi, 'yan'uwa, kuma abin yana ba ni tsoro. Mun sa wa anko sunan ibada, mun sa wa gasar waƙar kwaya sunan ibada, gulmar da muke yi bayan an tashi ma mun ce nauyin addu'a ne. Komai ya sha ruwan zinariya. Addu'a kuwa mun lulluɓe ta da manyan kalmomi da Turancin da mu kanmu ba mu gama ji ba, har tsohuwa ta zauna a sujada ta ɗauka ita ba ta iya magana da Allah ba. Wa ya ɗauke mata korenta? Mu ne.

Ku kuma lura, manomin nan bai ce ba zai nuna mata ba. Cewa ya yi sai ya dawo daga gona. Iyaye, yaronku ya san yadda ake ɗaura ɗankwalin zumunta da yadda ake tafi a kan kiɗa, amma in tsoro ya kama shi ba kwa nan, ya san yadda zai buɗe baki ya ce, Yesu, taimake ni? Ko kun bari sai kun dawo daga gona? Ku sani fa, wanda kuka rufe wa hanya yau, wataƙila shi kaɗai ne zai kasance a tsakar gida ranar da ku ne kwance, kuna bukatar mai yi muku addu'a.

Ku kuma matasa masu wayoyi, ban hana ku yi wa naku ado ba, ku mai da su kalar da kuka ga dama. Amma in kun koma gida yau, wayar kakarku ku bar mata ita yadda ta san ta.

An ce manomin nan yana raye. Da hannun hagu yake cin tuwo, da shi yake riƙe fartanya. A wayar Mama Dinatu kuwa, koren ya koma can ƙasa ta hagu inda yake tun farko. Kowace safiya kafin ya fita gona, sai ya tsuguna a gabanta ya ce, “Mama, nuna mini korenki.” Sai ta ɗora yatsa a kai, sannan ya tafi.