Maginin Da Ɗansa Ya Kau Da Kai

Akwai wani malamin sakandare a Daura mai suna Sama'ila, ɗan gayu ne na ƙarshe. Takalminsa kullum sai sheƙi. Abu ɗaya yake ɓoyewa: mahaifinsa Malam Auta maginin ƙasa ne. In an tambaye shi sai ya ce, "Tsohona ɗan kwangila ne."

A bazarar 2004 malaman makarantarsu suka je wani ƙauye wajen Zango, ganin tsohon gidan ƙasa da aka adana, inda aka ce wani tsohon shugaba ya yi ƙuruciyarsa.

Suna shiga zaure Sama'ila ya leƙa ciki. Ga mahaifinsa a tsakar gida, ya naɗe wando, yana kwaɓa ƙasa da ƙafa. Suka haɗa ido. Wallahi sai ɗan gayun nan ya kau da kai, wai yana kallon azara!

Mai gadin gidan ya nuna tsohon ya ce, "Kun ga wannan? Shekara ashirin da shida, kafin ruwan farko sai ya zo ya yi yaɓe. Ba don shi ba, da kufai za ku tarar."

Shugabar makarantar, Hajiya Hussaina, ta russuna ta gaishe shi. "Sannu Baba. Ba ka da ɗan da zai karɓe ka ne?"

Malam Auta ya share gumi, bai ko dubi inda ɗansa yake ba. "Ina da shi, Hajiya. Malami ne, yaron kirki. Aiki ne ya kai shi nesa."

Kai, jama'a! Ɗa ya ƙi ubansa, uba kuma yana rufa masa asiri.

Sama'ila ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ko takalmin bai tsaya cirewa ba, ya faɗa cikin kwaɓin, ya durƙusa yana hawaye.

"Baba, ga ni, ban yi nisa ba. Hajiya, mahaifina ne. Da wannan ƙasar ya biya min kuɗin karatu."

Tsohon ya yi murmushi, ya miƙa masa kwano. "To tashi ka miƙo min ƙasa, hadari ba ya jira."

Darasi: Kada ka ji kunyar sana'ar da ta raine ka. In iyayenka na raye, ka nuna su da alfahari tun yau. Ka tura wa wanda kake ƙauna ya karanta.