Ranar da Harlan Ya Ƙone Agwaginsa

Jama'ar wannan shafi, ku yi mini haƙuri tun daga farko. Shekarar da abin ya faru ta ɓace mini, haka ma sunan lungun fadamar da ya faru a ciki. Na kwana biyu ina lalube a kaina, sun ƙi dawowa. Abin da ya rage mini shi zan ba ku.

Akwai wani masassaƙi a ƙauyenmu na bakin ruwan Chesapeake, sunansa Harlan Bozman. Lokacin zafi kaguwa yake kamawa kamar kowa. Da zarar sanyi ya kusa, sai ya shige rumfarsa ya kama sassaƙa agwagin katako, waɗanda maharba ke zubawa a kan ruwa don agwagin daji su hango daga sama, su ɗauka 'yan uwansu ne ke kiwo, su sauko.

Harlan yana da hannu, wannan ba wanda ya taɓa musu. Zai ɗauki guntun itacen sida ya fafe shi da ɗan gatari, ya bi da wuƙa, ya goge da magagari har ƙirjin ya fito. Kan daban yake sassaƙawa, kuma ba ya yin biyu iri ɗaya: wannan tana barci, waccan tana waiwaye. Sai ya liƙa dalma a ƙasa yadda ko igiyar ruwa ta kifar da ita za ta miƙe da kanta. Wajen fenti ya fi daɗewa. Ba ya yarda da fenti mai ƙyalli, don ƙyalli korar tsuntsu yake. Tun fentin bayan yana ɗanye zai ja tsohon matajin matarsa a kai, sai ka ga layin gashi ya fito. Daga ƙarshe ya gasa ƙarfe ya buga tambarinsa a cikin kowace.

Matsalar Harlan bakinsa ne, da kuma ɓoye-ɓoyensa.

A kantin Dize, inda maza ke kewaye murhu suna shan gahawa, akwai wani tsoho da ake kira Kyaftin Ottis Laird. Shi ma yana sassaƙa, amma agwaginsa kamar an yi su da gaggawa: jiki kamar burodi, kai kamar guduma, fenti kuma ragowar na jirgi. Harlan ba ya ganinsa ya ƙyale.

"Kyaftin, an ce jiya agwagi sun sauka a wurinka," in ji Harlan wata safiya. "Ashe ta'aziyya suka zo yi wa 'yan uwansu."

Aka yi dariya. Kyaftin Ottis ya hura gahawarsa ya ce shi dai tukunyarsa ba ta taɓa tambayarsa kamannin katako ba.

Ɓoye-ɓoyen kuwa na wurin harbi ne. Harlan ya gano wani lungu can arewa da ƙauye, cikin fadama, inda agwagi ke fakewa idan iska ta yi ƙarfi. Shekara tara yana zuwa, bai gaya wa kowa ba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce Mashigin Shanu yake zuwa, can kudu. Har matarsa Velma haka yake gaya mata, wai kada maganar ta suɓuce mata a wurin matan coci. Da asuba zai fita ya nufi kudu kowa na gani, sai ya sha kwana bayan wani tsibiri ya juya arewa.

Wani lokaci iska takan tsinke igiyar agwagwa ɗaya ko biyu ruwa ya tafi da su. Bayan kwanaki sai ya tarar da su a bakin ƙofar rumfarsa. Al'adarmu ce, wanda ya tsinci agwagwa ya duba tambari ya mayar wa mai ita. Harlan bai taɓa tambayar wanda ke kawowa ba.

Ranar da zan ba ku labari, cikin watan Janairu ne. Ya gaya wa Velma zai dawo kafin abincin rana. Ya isa lungunsa, ya zuba agwaginsa talatin da shida a kan ruwa, ya shiga 'yar bukkar ciyawar da ya yi a kan wani ɗan tudu.

Da hantsi iska ta juya, ta fara bugowa daga arewa maso yamma. Duk wanda ya tashi a bakin ruwan nan ya san abin da irin wannan iska ke yi: kwashe ruwan fadama take yi ta tura shi teku, kuma ba ta barinsa ya dawo sai ta kwanta. Harlan ya sani sarai. Amma agwagi na ta sauka, garke bayan garke, sai ya ce wa kansa bari ya ƙara ɗan lokaci.

Kafin ya gama tattara agwagin katakonsa cikin buhuna, ƙasan kwale-kwalensa ya zauna a kan taɓo. Ya tura da sanda, ko motsi. Sai ya yi abin da shi kansa zai zagi wani a kai: ya dira don ya tura da hannu.

Taɓon ya haɗiye shi har ƙugu. Da ƙyar ya kama gefen jirgin ya jawo kansa, ya baro takalmin roba ɗaya a ciki. Ya rarrafa zuwa tudun, wandonsa ya jiƙe sharkaf. Kafin ya gama maida numfashi, wandon ya fara ƙandarewa.

Ya tsaya ya duba. Gabas taɓo, yamma taɓo. Inda ɗazu ruwa ne, yanzu baƙin caɓi ne yana ɗaukar ɓawon ƙanƙara, bai yi taurin da za a taka ba, bai yi ruwan da jirgi zai bi ba. Tudun da yake kai bai fi faɗin ɗakin girki ba. Can nesa yana hango tsinin cocin ƙauye kamar allura.

Ya jawo buhunan kusa, ya rushe bukkar, ya yayyafa man injin jirgi a kan ciyawar. Ashanarsa na cikin gwangwanin taba, ba ta jiƙe ba. Wutar ta kama, amma ciyawa ba ta daɗewa. Ya ƙara da allon zama na jirgin, sannan sandar tuƙi.

Bayan rana ta raba, sai ya hango ɗigo-ɗigo suna fitowa daga tashar ƙauye ta babbar hanyar ruwa. Jirage ne, ɗaya, biyu, har biyar. Velma ta kai kuka ke nan, an fito nemansa. Zuciyarsa ta yi sanyi, ya miƙe yana kaɗa hula.

Jiragen suka juya kudu, gaba ɗayansu.

Harlan ya bi su da ido har suka ɓace. Mashigin Shanu za su. Za su bi kowane lungu na can suna kiran sunansa har duhu ya kore su, domin can ya ce yana zuwa, shekara tara, da bakinsa. Ya ɗauki bindiga ya harba sama sau uku, ya jira, ya sake harbawa. Amma lokacin farauta ne, ƙarar bindiga a fadama ba ta sa kowa ya ɗaga kai. Hayaƙin ma iska ta kwantar da shi a kan ciyawa, bai tashi sama ba.

Ya san lissafin jikinsa. Ƙafar da ba takalmi ta daina ciwo, kuma wannan ba alheri ba ne. Idan rana ta faɗi babu wuta, ba zai ga safiya ba.

Ya kwance bakin buhu.

Agwagwar farko da ya jefa a wuta tsohuwa ce mai tsagaggen wuya, bai ji komai ba. Sida akwai cin wuta, fentin kuma ya yi ta tafasa yana baƙin hayaƙi. Ya jefa ta biyu, ta uku. Yana zaɓe, yana ajiye masu kyau gefe, kamar akwai wanda zai zo ya ce ya isa haka.

Kowace ya ɗauka sai ya gane ta. Wannan daga ginshiƙin tsohuwar gada ya fitar da ita. Waccan ranar da ya yi mata ido Velma ke naƙudar 'yarsu ta fari. Ga wadda ya goge fentinta sau uku kafin jan kan ya yi masa yadda yake so. Kwana huɗu, kwana biyar a kan kowace, ga shi wuta na gamawa da ita kafin mutum ya sha kofin gahawa. Dalmar ƙasansu tana narkewa tana gangarawa cikin toka.

Da ya kai ta ashirin ya daina zaɓe. Yatsunsa ba sa rufuwa, da tafin hannu biyu yake ɗauka. Ya yi addu'a, ya yi wa Allah alkawura, sannan ya ji kunyar alkawuran ya daina. Abin da ya fi cinsa shi ne tunanin Velma, tana tsaye a tasha tana kallon kudu.

Rana ta yi ja, saura agwagwa uku, barci ya fara jansa. Sai ya ji wani sauti, kamar ana jefa allo a kan laka. Ya ƙara ji. Ya ɗaga kai da ƙyar.

Wani mutum ne ke tahowa ta gabas, yana shimfiɗa allo ɗaya ya taka, ya jawo na baya ya jefa gaba. A hankali, yana tsayawa yana dafa gwiwa. Da ya matso, Harlan ya gane tsohuwar hular. Kyaftin Ottis ne, da bargo ɗaure a bayansa.

Tsohon bai gaishe shi ba. Ya durƙusa ya duba ƙafar, ya cire safarsa ta ulu ya sa masa, ya naɗe da buhu, ya ba shi gahawa mai zafi daga gora. Sannan ya ɗauki ɗaya daga cikin agwagi ukun, mace mai waiwaye, wadda ta fi duka kyau, ya cilla a wuta.

Harlan ya miƙa hannu kamar zai hana.

"Katako ne, ɗan Bozman," in ji Kyaftin. "Matso da ƙafar. Sai ta ji ɗumi za mu tafi." Ya kalli wutar ya gyaɗa kai. "Gaskiya naka sun fi nawa kyau. Har a wuta."

Da baki ya buɗu, Harlan ya tambaye shi yadda aka yi ya san wurin. Kyaftin ya ce ai ba wani abu ba ne. Rumfar kaguwarsa tana gaɓar arewa da ƙauye, kuma duk lokacin da irin wannan iska ta buga, agwagin Harlan a gaɓarsa suke fitowa. Abin da ya tsinke a Mashigin Shanu ba zai yi iyo ya saɓa wa iska ya zo arewa ba. Tun shekara ta biyu ya auna ya gane lungun. Yau ma ya faɗa a tasha cewa a nufi arewa, aka ce masa matar mutum ta fi shi sanin inda mijinta yake. Shi ne ya ɗauki ƙaramin jirginsa ya bi ramin da ruwa bai gama janyewa ba, sauran kuma ya tako da allo.

"Shekara bakwai ka sani," in ji Harlan. "Ba ka taɓa zuwa ba, ba ka gaya wa kowa ba."

"Wurinka ne. Kai ka samo."

"Ni kuma kullum a kantin Dize..."

"Tashi mu tafi, rana ba ta jiran surutunka."

Haka suka fita, allo bayan allo, tsoho na gaba, Harlan na dafe da kafaɗarsa. Sun isa jirgin ana ganin hanya da ƙyar.

Harlan ya rasa yatsun ƙafa biyu. Ranar da ya fara fita, da sanda ya dogara har kantin Dize. Ya tsaya a gaban murhu, ya faɗi sunan lungunsa da yadda ake shigarsa, kowa na ji. Ya ce ya yi wa ƙauye ƙarya, ya yi wa matarsa ƙarya, ya tura jirage biyar cikin iska neman mutumin da ba ya can. Sannan ya juya ya nemi gafarar Kyaftin Ottis. Tsohon ya matsa masa a benci, ya ce ya zauna kafin ya faɗi a kan murhun mutane. Daga ranar, Harlan bai ƙara fita ruwa ba sai ya gaya wa Velma inda za shi.

Akwai abin da na daɗe ina ji a bakin mutane ban yarda ba, sai da na je na tambayi 'yar Kyaftin Ottis da kaina bayan rasuwarsa. Ta tabbatar mini. Kwana goma kafin wannan rana aka sallamo mahaifinta daga asibiti saboda ciwon zuciya, kuma likita ya hana shi ɗaukar ko da bokitin ruwa.

Darasi: Ƙaryar da ka yi don ka tsare abinka, ita ce za ta ɓatar da masu nemanka ranar da kake buƙatar a same ka. Kada ka raina mutum don aikinsa bai kai naka kyau ba, wataƙila ya daɗe yana rufa maka asiri ba ka sani ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman mai fita aiki shi kaɗai ba ya faɗin inda za shi.