Tumakin da Aka Kai Bayan Dutse

Akwai wani makiyayi, talaka, mai kiwon tumakin wani maigida a wani ɗan ƙauye a gindin dutse. Ba shi da wata baiwa ta a zo a gani. Muryarsa ma babu daɗi, in ya kira tumaki sai ka ce ƙofar langa-langa ake ja. Abu ɗaya Allah ya ba shi, shi ne hannu. Kowace yamma in garke ya dawo, sai ya tsaya a bakin shinge, ba tunkiyar da za ta shiga sai ta bi ta ƙarƙashin hannunsa. Ya shafa kai, ya ɗaga kunne, ya zura hannu ƙarƙashin ciki inda kaska ke maƙalewa, ya ɗaga ƙafa ya buɗe tsakanin kofato ya sansana. I, sansanawa na ce, ku daina yamutsa fuska. Ciwon kofato da wari yake farawa tun kafin tunkiya ta soma ɗingishi. Saboda haka garkensa bai cika yin asara ba.

Da maigida ya ga haka, sai ya sa shi bisa garke uku. Bayan 'yan shekaru ya sa shi bisa goma. Daga baya ya kira shi a gaban jama'a, ya sa masa babbar riga, ya miƙa masa doguwar sanda, ya ba shi doki saboda nisan ƙasar, ya ce, "Daga yau kai ne babban makiyayi. Dukan garkunana da dukan masu kiwonsu suna hannunka."

Makiyayin ya yi kuka a ranar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan bar hannun nan ya huta ba. Kowace shekara zan zaga kowane garke, kowace tunkiya kuma sai na taɓa ta."

Ya cika alkawarin kuwa, ba shekarar da ya fasa. Amma da yake mutum ne mai kunya da tausayi, ba ya so ya faɗo wa masu kiwo ba zato ya same su a hargitse. Sai ya riƙa aika saƙo tun da wuri, cewa rana kaza zan zo muku. Shi a ganinsa mutunci ne ya yi musu.

Su kuma masu kiwon ba mugaye ba ne, kada wani ya fita daga nan ya ce na ce mugaye ne. Suna ƙaunarsa ƙwarai. In ranar ta kusa, sai su share garke fes, su kai tumaki rafi su wanke su tas. To, sauran fa, masu ɗingishi da masu tari da waɗanda gyambonsu ya yi tsutsa? Sai ɗaya ya ce, "Haba, babban baƙo zai zo, mu tare shi da wannan?" Suka kora su zuwa wani kwari a bayan dutse, suka ɗaure su a turaku, wai in ya tafi a dawo da su. Kwarin nan babu ruwa, babu inuwa. Ba kuwa wanda ya yarda ya zauna da su, kowa so yake ya ga Baba, kamar yadda suke kiran babban makiyayin, Baba ya gan shi.

Babban makiyayi ya zo, aka yi kiɗa, aka yi jawabi, aka jera tumaki farare ƙal. A shekarun farko yakan naɗe hannun riga ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin ciki, bai sami kome ba. Shekara ta zagayo ya laluba, bai sami kome ba. Sannu a hankali ya daina durƙusawa. Ga rigar da nauyi, ga gwiwa ta soma ciwo, ga jama'a na jira a ci abinci. Sai dai ya ɗora hannu a ka, ya ce madalla, a turo ta gaba. Yakan koma gida yana yi wa Allah godiya don lafiyar garkuna. Girmansa na ƙaruwa, bikin tarbarsa na ƙara tsawo, abin da ake yi a yini ɗaya ya koma kwana uku.

Shekara ashirin da shida ana haka. Ya tsufa, lokacin ajiye sanda ya yi, ya fita zagayen bankwana. Ƙauyen ƙarshe shi ne na gindin dutse, inda ya fara kiwo. Bayan ya gama ɗora hannu, sai marmarin dā ya kama shi, ya ce zai ɗan taka ya ga wurin da yakan zauna yana saurayi. Masu kiwo suka dubi juna.

"Baba, rana ta yi zafi. Ga abinci zai huce."

Ya ce, "Ku ci, ina zuwa." Wani tsoho a cikinsu, sa'ansa, wanda suka yi kiwo tare tun suna samari, shi kaɗai ya bi shi.

Tun bai gama zagaya dutsen ba hancinsa ya gaya masa. Ya ƙara sauri. Ungulaye suka tashi a gabansa. Ga tumaki a ɗaure, wasu a kwance harshe a waje, wasu sun riga sun sandare da igiya a wuya. Ƙarƙashin ƙafarsa kuma ƙasusuwa ne farare, tuli guda.

Ya juya ya tambayi tsohon, "Na wane ne waɗannan?"

"Naka ne, Baba."

"Tun yaushe suke nan?"

"Tun da muka soma shirin tarbarka. Yau kwana huɗu."

"Ƙasusuwan fa?"

"Na bara ne, da na bara waccan, da na shekarun baya."

"Ku kaɗai kuke yin wannan abu?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ko'ina haka ake yi. Mu ma a wurin maƙwabta muka gani. Sauran kwanakin shekara muna lallaɓa su gwargwadon iyawarmu, wasu ma sukan warke. Kwanakin zuwanka ne ba sa tsallakewa."

Wayyo! Babban makiyayi ya yar da sanda, ya zube da rigarsa a cikin ƙazantar, yana ihu a kawo ruwa. Aka kawo ruwa a guje. Ya jawo kan wata tunkiya bisa cinyarsa, ya ɗiba da tafin hannu ya kai mata baki, amma ta wuce sha. A hannunsa ta mutu.

Da ya miƙa sanda ga wanda ya gaje shi, ya riƙe hannunsa ya ce, "Ɗana, abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka faɗa musu ranar zuwanka." Sabon ya ce, "To, Baba." Amma ya tarar an riga an sa ranakun, an soma koyon waƙoƙi, shi kuma sabon shiga ne, ba ya so a ce ya raina mutane. Ya je a ranar da aka sa, ya tarar da tumaki farare ƙal.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ba sai an je nesa ba. Maigidan shi ne Ubangiji, tumakin jama'arsa ne. Babban makiyayin kuwa shi ne tsohon Bishop ɗinmu, wanda muka binne a damina. Matasa ba ku san shi ba sai da doguwar hula da riga shunayya. Mu mun san shi yana katikis, wato ƙaramin malamin majami'a, a ƙauyen nan, da wani tsohon keke mai ƙara. In ya bi ta ƙofar gida bai ga hayaƙi ba, sai ya jingina keken ya yi sallama ya shiga har madafa. Ya san matar da ake duka, ya san wanda ya daina zuwa sujada don ba shi da rigar sawa. Aka naɗa shi dikin, aka yi shi Rabaran, ya zama akdikin, aka keɓe shi Bishop, muka yi ta guɗa. Daga nan ba mu ƙara ganinsa ba sai sau ɗaya a shekara, ranar tabbatarwa, da za a jera masu fararen kaya su durƙusa ya ɗora musu hannu a ka.

A zuwansa na ƙarshe don tabbatarwa ya tambaye mu ina Barnaba, wanda shi ya yi wa baftisma da hannunsa. Muka ce ya yi tafiya. Ƙarya muka yi, a cikin majami'a, a gaban bagade. Barnaba na ɗakinsa, giya ta cinye masa hanta, cikinsa ya kumbura, mun ce wa matarsa ta rufe ƙofa kada ya fito ya kunyata mu. Ko wata biyu ba a yi ba ya rasu. Bishop ya zo jana'izar, a nan matar ta gaya masa kome.

Na je gaishe shi bayan ya yi ritaya. Na same shi zaune a ƙofar ɗan gidansa, ya rame. Na soma lissafa masa majami'un da ya buɗe da makarantun da ya gina, don in faranta masa rai. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Malam, bari. Waɗanda suka fi bukatata ban taɓa ganinsu ba. Kun hana ni, ni ma ban nema ba. Me zan ce wa mai tumakin?" Har ya mutu ban ji ya yi dariya ba.

Yana da nasa laifi, shi ma ya faɗa. Wanda ya ga lafiya ƙalau shekara ashirin da shida bai yi shakka ba, ya so a ruɗe shi ne. Amma ba don in yi wa matacce shari'a na tsaya a nan ba. Masu kiwon nan mu ne, dattawan ikilisiya da 'yan kwamiti da shugabannin zumunta. Mun mai da makiyayi baƙo. Muna tsoron kunya fiye da tsoron Allah, muna kiran abin girmamawa. Mai ciwo kuma, ranar da ya fi bukatar a gan shi, ita ce ranar da muke kawar da shi. Tir da irin wannan ladabi!

Na so a ce zan iya gaya muku mun koyi darasi. Raina a ɓace yake, domin ba mu koya ba. Sabon Bishop zai zo mana Lahadi ta sama. An shafe bango da farar ƙasa, mawaƙa suna ta gwaji, zumuntar mata sun ɗinka anko. Ranar Laraba kwamiti ya zauna a kan Mama Keziya. Kun san ta, tun da ɗanta ya nutse a dam take magana ita kaɗai, wani lokaci ta fashe da kuka ana tsakiyar addu'a. Aka ce a gaya mata ta huta a gida ranar, za a kai mata abinci. Ba wanda ya ce a'a. Aka nemi wanda za a aika, aka ce ai Malam ne take jin maganarsa.

Na je jiya da safe. Na same ta tana guge ankonta. Ta ce ta ji Bishop zai zo, tana so ta roƙe shi ya ɗora mata hannu ko zuciyarta za ta kwanta. Duk da haka na buɗe baki na isar da saƙon, ban rage kome ba. Ta ajiye dutsen guga, sa'an nan ta ninke zanen.

Ta ce, "To, Malam. In ya tafi sai ku aiko in zo."

Ni kuma na ce mata to.