Jar Ƙasa a Kan Mayafin Bagade

Akwai wata dattijuwa a Tudun Wadan Zariya mai suna Nneamaka, kowa na ce mata Mama Nne. A Zariya aka haife ta, idan ka ji Hausarta daga bayan labule ba za ka taɓa cewa 'yar ƙabilar Ibo ba ce.

Shekara ashirin da biyu ita ke share cocinsu. Ita ke goge bencina da gicciyen katako da ke bayan mumbari, ita ke wanke farin mayafin da ake shimfiɗawa a kan bagade, teburin nan na gaba inda ake ajiye gurasa da ƙoƙon jibin Ubangiji. Ba ta yi boko ba, amma babu lungun ɗakin nan da hannunta bai sani ba.

Wata safiyar Talata ta tarar da ɓurɓushin jar ƙasa a kan mayafin. Ta kakkaɓe. Washegari ya dawo, daidai wurin jiya, har ya ɗan fi yawa. Ta ɗaga kai ta ga silin fari tas, ko tabo babu. Duk da haka ba ta yarda da shi ba.

Mista Obiajulu ne ya sa silin ɗin bara. Shi ne shugaban kwamitin gini, yana da babban shagon kayan lantarki a Kwangila. Mutum ne mai kyauta, wannan kam ba za a hana shi ba, sai dai kyautarsa ba ta fita sai da sunansa manne a jiki. Har fankokin cocin akwai sunansa a jikinsu, yana ta juyi a kan masu addu'a.

Mama Nne ta je ta kira maƙwabcinta Malam Nagoda kafinta. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ko da yake ta ce ba sai ya cire ba. Ya hau tsani, ya ɗaga allon silin ɗaya ya zura kai. Ya duba sosai, sannan ya sauko a hankali da guntun katako a hannu. Ya matse shi, sai ya ruguje kamar busasshen burodi.

"Mama, gara ta cinye babban katakon da ke ɗauke da rufin wurin nan, fatar kawai ta bari. Idan aka bar shi da nauyin kansa, ƙila ya kai damina. Amma don Allah ko ƙwan fitila kada a ƙara rataya masa."

Ita kuwa ta san abin da ke tafe. Ranar Asabar za a ɗaura auren Adaeze, 'yar Mista Obiajulu tilo, kuma ya sayo wata ƙatuwar fitilar gilasai wadda sai maza biyu ke iya ɗaga ta. A kan wannan katakon za a rataya ta, daidai saman inda ango da amarya za su durƙusa.

Ta sami Mista Obiajulu a shago, ta buɗe ƙyallen da ta ƙulle garin katakon a ciki. Ko kallonsa bai yi ba.

"Wa ya ba ki izinin kawo wani ya buɗe mini silin?"

"Ranka ya daɗe, ba silin ba ne matsalar, abin da ya rufe ne."

"Mama, da tsintsiya aka san ki. Ki tsaya a kan tsintsiya."

Ta je wurin fasto, mutum mai sanyin hali wanda ba ya son ɓacin ran kowa. Ya ce ta yi haƙuri, bayan biki za a duba. Kafin yamma aka aiko aka karɓi makullin cocin daga hannunta, wai ta tsufa, ta fara ganin abin da babu. Ranar Juma'a tana tsaye a waje ta taga tana kallo aka ɗaga fitilar. Lokacin da suka sake ta, ta ji wata 'yar ƙara daga cikin rufin, wadda babu wanda ya ji sai ita.

Asabar coci ya cika maƙil. Mama Nne na zaune a benci na ƙarshe, kowa na kallon amarya, ita tana kallon sama. Makaɗa suka saki ganga, bango na amsawa. Gilasan fitilar suna ta kaɗawa, alhali babu fanka kusa da su. Allon silin da ke gefen fitilar ya ɗan lotsa. Daga nesa ma tana iya hango jan da ya zuba a kan farin mayafi.

A ƙarƙashin fitilar an ajiye matasai biyu na durƙuso. Adaeze na tahowa a hankali, yarinyar da Mama Nne ta yi wa wankan farko da hannunta. Tsoro ya kama ta sosai, na rufin da kuma na idon jama'a. Amma ta tashi, gwiwoyinta na ciwo, ta bi ta gefe ta riga ango da amarya isa, ta zauna daram a kan matasan.

Kiɗa ya tsaya. Fasto ya sunkuyo yana roƙonta ƙasa-ƙasa.

"Ba zan tashi ba, Fasto. In dai sai wani ya zauna a nan, gara ni, na ci zamanina."

Mista Obiajulu ya taso fuska murtuke. Ya damƙi gefen zaninta ya ja ta a gaban baƙin da suka zo daga nesa, ɗankwalinta ya faɗi, furfurarta a waje. Wasu har dariya suka yi. Adaeze ta bi su tana kuka tana cewa, "Baba, ka ƙyale ta mana." Ango ya bi amaryarsa, fasto ya bi su yana ba da haƙuri. Uban ya juya ya daka wa makaɗa tsawa su ci gaba, kada a ji muryar tsohuwar.

Ganga ta sake tashi. Ba su kai benci na biyar ba katakon ya karye.

Fitilar ta sauko da rabin rufin bagade. Da ƙura ta lafa, babu mai iya ganin matasan nan biyu, tarin gilashi da katako da jar ƙasa ya binne su. Mumbari ya tsage biyu. Babu wanda ya mutu, domin babu kowa a wurin.

Mista Obiajulu ya dubi tarin, ya dubi 'yarsa da ke tsaye kusa da shi da ranta. Har lokacin gefen zanin yana hannunsa.

Mama Nne ta ce masa a hankali, "Sakar mini zani, in ɗauko tsintsiya. Yara za su taka gilashi."

A nan ya durƙushe a gabanta a tsakiyar jama'a yana kuka.

Darasi: Kada girman kai ya sa ka raina gargaɗi saboda ƙanƙantar wanda ya kawo shi. Mai share wuri kullum yakan ga abin da mai ƙawata shi bai gani ba, kuma rufe ɓarna da ado ba ya gyara ta. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, ƙila akwai wanda ake yi wa gargaɗi yau bai saurara ba.